Darasin Kimiyya: Iyo a Teku da Yadda Ake Fita Lafiya

Ɗalibai, ku matso ku ga abin da ke kan tebur. Kofin gilashi biyu ne, kowanne da ruwan rijiya. Na saka ɗanyen ƙwai a na farko, ga shi ya gangara ƙasa ya zauna. A na biyu na zuba gishiri babban cokali uku, na dama har ya narke, na saka wani ƙwan, sai ya taso yana leƙowa. Ƙwan bai canza ba, ruwan ne ya ƙara nauyi. Gishirin wannan kofi ya fi na teku yawa, na yi haka ne don ku gani da idonku, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma da ita za mu buɗe darasi.

Batunmu na yau shi ne iyo a teku domin motsa jiki. Akasarinmu mun tashi nesa da teku, tunda daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Sai dai fatauci da neman ilimi sun kai 'yan'uwanmu Agege da Nima ta Akra da Kwatano da Jidda da Fot Sudan, ga kuma ɗalibai a garuruwan bakin ruwa na Ingila. Da yawa cikinsu a gulbi ko kududdufi suka koyi ninkaya, kuma nan ne damuwata take. Ruwan gulbi hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya fito, ka san inda ya nufa. Teku kuwa yana zuwa yana komawa, yana cika yana janyewa, kuma yanayinsa na safe daban da na la'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace shiyya asara. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Darasin nan kacokan bayanin fitar ne.

Abin da ya sa ruwan gishiri ke ɗaga jiki

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya gano cewa duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan na tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture daga wurinsa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi nauyinta kilo 1 ne. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, nauyinta kuma ya kai kilo 1 da giram 25. Mu yi lissafin a allo. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ture ruwa kusan lita 70 idan ya nutsa gaba ɗaya. Ku ninka 70 sau 25, za ku sami giram 1,750. Wato teku na ƙara masa tallafin kusan kilo 2 a kan abin da gulbi zai ba shi. Bahar Maliya, wadda Jidda ke bakinta, gishirinta ya kai giram 40 a lita, shi ya sa ta fi ɗaga mutum. Mataccen Teku da ke gefen Jodan kuwa gishirinsa ya kusa ninka na sauran tekuna sau 10, har mutum kan kwanta a kansa kamar a kan tabarma.

Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta a Matan Fada kowanne rungume da ƙaton gora yana yawo a kan ruwa. Allah ya sanya wa kowannenmu gora biyu a ƙirji, su ne huhu, waɗanda a babban mutum kan ɗauki iska har kusan lita 6. Muddin da iska a cikinsu, jiki na son tasowa. Mutumin da ya firgita yana ihu, iskar nan yake zubarwa. Idan kuma ya ɗaga hannuwa sama yana fafutuka, duk gaɓar da ta fita daga ruwa ta rasa tallafin Arkimidis, sai nauyinta ya danna kai ƙasa.

Saboda haka abin da za a fara koya, tun kafin kowane salon iyo, shi ne kwanciyar rigingine a kan ruwa. A mayar da kai baya har kunnuwa su shiga ruwa, haɓa na kallon sama, a ware hannuwa da ƙafafuwa, a yi numfashi a hankali. Mai tsoka da ƙashi mai nauyi zai ga ƙafafunsa suna sauka ƙasa, domin tsoka ta fi kitse nauyi. Ba komai, ya riƙa ɗan kaɗa tafin hannu, abin nema dai hanci da baki su kasance a waje. Ƙungiyar RNLI, wadda ke aikin ceto a gaɓar Birtaniya da Ailan tun 1824, wannan kwanciyar ce babban abin da take koya wa jama'a.

Ribar da jiki ke samu

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka kowane jan hannu da bugun ƙafa aiki ne ga tsokar kafaɗa da baya da ciki da cinya. A lokaci guda ruwan na sauke wa gaɓoɓi kaya. Wanda ya tsaya ruwa na kai masa wuya, abin da ƙafafunsa ke ɗauka bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba. Shi ya sa mai ciwon gwiwa ko mai ƙiba da gudu ke wahalar da shi zai iya cika minti 150 na motsa jiki a mako, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, ba tare da ya daka gwiwarsa a kan kwalta ba.

Akwai wani abu da ba a gani. Matsin ruwa na tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, zuciya ta sami ƙarin aiki, ƙoda kuma ta ɗauka ruwa ya yi wa jiki yawa ta shiga fitar da fitsari. Mai iyo yana gumi, yana fitsari, amma ba ya jin ƙishirwa sosai. Ya sha ruwan daɗi kafin ya shiga da bayan ya fito. Ruwan teku ba ya kashe ƙishi, domin gishirin jini kimanin giram 9 ne a lita, kuma ƙoda ba ta iya yin fitsari mai gishiri kamar na teku, sai ta ɗebi ruwan jiki ta wanke wanda aka sha. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko asma ko farfaɗiya, sai ya ga likita tukuna.

Sanyi da zafi

Zafin cikin jikin ɗan'adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas, ruwa kuma ya fi iska saurin kwashe zafi kusan sau 25. A gaɓar Legas da Akra ruwan ɗumi ne akasarin shekara, yakan kai digiri 27 zuwa 29, ko da yake daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi kan taso a gaɓar Gana ya rage ɗumin sosai. Wanda ya je Turai kuwa, wani labarin ne.

Mutane na zaton sandarewar jiki ce ke fara kashe wanda ya faɗa ruwan sanyi. Binciken Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya nuna cewa mintunan farko ne suka fi haɗari. A ruwan da bai kai digiri 15 ba, da zarar sanyin ya taɓa fata sai mutum ya ja wani dogon numfashi ba da sonsa ba, sannan ya shiga haki, zuciya na bugu da sauri, jini ya hau. Mu kira shi bugun sanyi. Idan kan mutum na cikin ruwa lokacin da ya ja wannan numfashi, ruwa ne zai shiga huhu. Bugun yakan lafa cikin minti 1 zuwa 3. Bayansa sai tsokar hannu ta fara sanyi, yatsu su ƙi kama abu, iyo ya lalace tun cikin jiki bai yi sanyi ba. Saukar zafin ciki ƙasa da digiri 35 sai daga baya take zuwa, galibi bayan rabin awa ko fiye.

Maganin a fili yake. A shiga da ƙafa, sannu a hankali, a jiƙa fuska da wuya, a tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa har numfashi ya daidaita. Jiki na sabawa, shiga biyar ko shida na 'yan mintuna kan rage ƙarfin bugun da kusan rabi. Bayan fitowa ma zafin ciki kan ci gaba da sauka na ɗan lokaci, shi ya sa makyarkyata kan kama mutum minti 10 bayan ya taka rairayi. Ya cire jiƙaƙƙen kaya nan take, ya rufa, ya sha shayi mai ɗumi, kada ya tuƙa mota sai karkarwar ta tsaya.

Mu da muke ƙasashen zafi, ɗaya ɓangaren ya fi shafarmu. A shekarar 2010 wani gwanin iyo Ba'amurke, Fran Crippen, ɗan shekara 26, ya rasu cikin gasar kilomita 10 a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, a ruwa mai tsananin ɗumi. Bayan wannan rashi hukumar wasannin ruwa ta duniya ta sanya iyakar zafi, yanzu ba a gasar buɗaɗɗen ruwa idan ya haura digiri 31, kamar yadda ba a yi idan bai kai 16 ba. Ruwa mai ɗumi ba ya karɓar zafin da tsoka ke fitarwa sosai. A yi iyo da safe, a bar tsakar rana.

Kwararon teku

A nan nake so ku ajiye alƙalami ku saurara, domin wannan shi ne babban mai cin mutane a bakin teku. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na ceton da ake yi a gaɓoɓi masu raƙuman ruwa, shi ne sanadi.

Kowane raƙumin ruwa da ya fashe yana jibge ruwa a bakin gaɓa. Ruwan nan dole ya koma. Sau da yawa akwai tudun rairayi a ƙarƙashin ruwa, kwance a gaban gaɓa kamar kunyar gona, yana tare shi. Sai ruwan ya bi gefe yana neman ƙofa, inda ya sami ɓaraka a tudun ya kwarara ta nan da ƙarfi zuwa cikin teku. Kun ga yadda ruwan sama kan taru a tsakar gida ya fice ta rariya ɗaya da gudu, to haka ne. Za mu kira wannan hanya kwararon teku. Yakan kuma tsaya dindindin a gefen duwatsu ko shingen da aka gina cikin ruwa.

Gudunsa na yau da kullum kusan rabin mita ne a daƙiƙa, amma an auna wanda ya kai mita 2.5. Mu kwatanta. Gwanayen duniya na cinye mita 50 cikin kimanin daƙiƙa 21, wato kusan mita 2.4 a daƙiƙa, kuma ba sa iya riƙe wannan gudu ko na minti ɗaya. Mai iyo na gari da ke yin mita 100 cikin minti 2, gudunsa bai kai mita 1 ba. Wanda ya juya ya fuskanci kwararo yana neman gaɓa kai tsaye, yana iyo ne a wuri ɗaya ko ma yana ja da baya, har ƙarfinsa ya ƙare. Kwararo ba ya jan mutum ƙasa, cikin teku yake kai shi. Gajiya da firgici ne ke nutsar da shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da shi, kamarsa ta yaudara ce. Inda kwararo yake ruwan ya fi zurfi, raƙuman ruwa ba sa fashewa sosai, sai wurin ya yi lumui tsakanin farin kumfa na dama da na hagu. Baƙo da ya zo da iyalinsa ranar Sallah zai duba ya ce ga wuri mai lafiya, ya tura yara nan. Na taɓa tsayawa a kan tudu a wata gaɓa ina kallon wata robar ruwa da aka yar, ta bi irin wannan lumui ɗin ta yi ciki kamar ana jan ta da zare, alhali mutane na wasa taku kaɗan daga wurin. Alamominsa ke nan: ruwa mai duhu a tsakanin farare, ko mai launin ƙasa saboda rairayin da ya kwaso, da kumfa ko shara da ke tafiya ciki maimakon zuwa gaɓa. Daga tudu aka fi ganinsa. Ku ba shi minti 10 kuna kallo kafin ku cire takalmi.

Idan ya ɗauke ka, ka koma darasin ƙwai. Ka yi rigingine, ka daidaita numfashi. In ƙafarka na taɓa ƙasa, ka tsaya ka taka zuwa gefe. In ba ta taɓawa kuma kana da sauran ƙarfi, ka yi iyo a kwance da gaɓa, ka nufi inda raƙuman ruwa ke fashewa, domin faɗin kwararo sau da yawa bai wuce mita 25 ba, daga nan su za su turo ka waje. In ka gaji, ka bar shi ya tafi da kai, ƙarfinsa na mutuwa da ya wuce layin fashewar ruwa. Ka ɗaga hannu ɗaya kawai ka yi kira.

Gaɓar Tekun Atalantika daga Akra zuwa Legas na karɓar manyan raƙuman ruwa da suka taso daga kudu mai nisa, ga rairayin da gangare, sai su fashe dab da ƙafar mutum su kwashe shi. Wannan gaɓa ba wurin koyo ba ce. Kada kuma a yi tsalle a faɗa da ka a ruwan da ba a san zurfinsa ba, karayar wuya sau da yawa ba ta da gyara.

Wata da teku

Ku da kuka saba duban jinjirin wata kuna da wata fa'ida a nan. Jan wata da na rana ne ke sa teku cika da janyewa. A yawancin gaɓoɓi yana cika sau biyu cikin awa 24 da minti 50, don haka lokacin cikar na jinkirta kusan minti 50 kowace rana. A farkon watan Hijira da tsakiyarsa, lokacin da rana da wata da duniya suka jeru, cikar ta fi tudu, janyewar ta fi nisa, ruwan kuma ya fi gudu. Wajen 7 da 22 ga wata abin na sassautawa. A Legas bambancin kusan mita 1 ne kawai, amma a Mashigin Fundy na Kanada ya kai mita 16. Rabin ruwan da zai motsa cikin awa shida, a awa ta uku da ta huɗu yake motsawa, kuma kwararo ya fi ƙarfi wajen janyewa. A guji bakin kogi da mashigin tafki a wannan lokaci.

Ƙazanta da dabbobi

Albishir ɗaya: ba a ɗaukar tsargiya a teku, domin dodon-koɗin da ke ɗauke da ita a ruwan daɗi yake rayuwa. Amma bayan ruwan sama mai ƙarfi kwatocin birni kan juye cikin teku, su kawo ƙwayoyin gudawa da ciwon kunne da na ido. A dakata kwana biyu ko uku, kuma mai ɗanyen rauni ya jira ya warke. Idan jelifish, wata halitta mai jiki kamar kunun da ya daskare, ta harbi mutum, a wanke wurin da ruwan teku, a tsince zaren da ya maƙale, a tsoma cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na rabin awa. Ruwan daɗi mai sanyi na iya ƙara harbin.

Yadda za a fara

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ra'ayina, wanda bai iya yin mita 200 a wurin wanka na gini ba tare da tsayawa ba, kuma bai iya rigingine na minti 3 ba, bai isa shiga teku don motsa jiki ba. Idan ya kai wannan matsayi, ya nemi gaɓa mai ma'aikatan ceto. Tutoci biyu masu launin ja da rawaya na nuna filin da suke tsaro, jar tuta kuwa na nufin kada a shiga. Ya tafi da abokin da zai tsaya a waje yana kallonsa. Ya yi iyo a kwance da gaɓa, inda ruwa ke kai masa ƙirji, minti 10 zuwa 15 da farko, sau uku a mako, yana ƙarawa kaɗan kaɗan. Ya fara da fuskantar inda ruwa ke turowa, don dawowa ta zo masa da sauƙi lokacin da ya gaji.

A teku babu layi a ƙasa da za a bi, kuma kowa na da hannun da ya fi ƙarfi, sai ya karkace bai sani ba. Ya zaɓi wata bishiya ko gini, ya riƙa ɗaga ido bayan kowane jan hannu takwas ko goma. Ya koyi shaƙar iska ta dama da ta hagu, don ya ba raƙumin ruwa ƙeya. Hular roba mai launi mai haske da balan-balan mai igiya da ake ɗaurawa a ƙugu na sa masu kwale-kwale su gan shi, in ya gaji kuma ya rungume balan-balan ɗin kamar goran masunci. Babbar riga da zane da dogon hijabi na naɗe ƙafa da hannu a cikin ruwa. Akwai kayan iyo marasa nauyi masu rufe jiki duka, na maza da na mata, a neme su. Giya da ƙwaya ba sa haɗuwa da ruwa ko kaɗan.

Kada nisan wasu ya ruɗe ku. Matthew Webb, wanda ya fara ƙetare mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo a 1875, ya shafe kusan awa 22 a ruwa, kuma jiragen rakiya na biye da shi. Har yau duk mai wannan ƙetarawa da jirgi a gefensa.

Idan ruwa na cin wani

Wanda ke nutsewa da gaske ba ya ihu, domin ba shi da iskar yin magana. Za ku gan shi tsaye cikin ruwa, kai a baya, baki na shiga yana fita, hannuwa na danna ruwa a gefe, kuma cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 zai iya ɓacewa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kai ma in ka matso hannu rabbana, kai zai kama ya danne. Ka kira masu ceto, a Najeriya da Gana lambar gaggawa 112 ce. Ka jefa masa abin da ke tasowa, jarka da murfinta a rufe ko ƙwallo ko igiya, ka yi masa tsawa ya yi rigingine. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo yana tari, a kai shi asibiti.

Aikin gida: kowa ya maimaita gwajin ƙwai, ya rubuta cokali nawa na gishiri ya sa kafin ya taso, sannan ya lissafa ƙarin tallafin da Bahar Maliya za ta ba mai kilo 60 idan litarta na da nauyin kilo 1 da giram 28. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a Legas ko Akra ko Jidda, don Allah ya kira shi a makon nan ya kwatanta masa yadda ake gane kwararon teku.